Allon wasan fim da ƙaramin injin CNC: ina inji zai tsaya, ina hannu zai karɓa?

Nura K.: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Akwai wani allon wasa da ya fito a wani tsohon fim, na katako, mai murfi biyu da ake buɗewa hagu da dama. A bayan murfin an sassaƙa daji da namun dawa, a ciki kuma hanyoyi ne masu lanƙwasa da suka haɗu a wani gilashi mai tudu a tsakiya, ga kuma rubutu a cikin murafen. Shi nake so in kwaikwaya, na ajiya a gida. Injina na CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, ƙaramin nan ne samfurin 3018 mai aiki da manhajar GRBL, da ƙaramin moto samfurin 775 da ya zo da shi. A lissafina, allon in an rufe shi zai kai milimita 400 a tsawo, 280 a faɗi. Hoton sassaƙar kuma ya ratsa murafen biyu, wato dole layin bishiyar da ya fara a hagu ya ci gaba a dama ba tare da ya goce ba. Anya injin nan zai iya? In zai iya, ta ina zan faro?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Yaya Nura, gaskiya injin ya yi wa aikin nan ƙanƙanta. Filin aikinsa milimita 300 ne da 180, hawa da saukarsa kuma 45 kacal, kafin ma ka cire tsawon baki, wato ƙarfen da ke yankan, da kaurin shimfiɗa, wato allon da ake ɗorawa a kan teburin injin. In da hali ka nemi wanda ke da babban inji irin Shapeoko ko X-Carve, masu ɗaukar rauta, wato moton yankan katako, irin Makita da ke juyi daga 10,000 zuwa 30,000 a minti. Zama ɗaya za a yanka maka murfin a wuce wurin.

Injiniya Bashir: Ba sai ya bar injinsa ba, Sadiq. Ku dubi yadda 3018 yake: moton yana tafiya hagu da dama a kan gada, teburin ne ke zuwa gaba da baya ta ƙarƙashin gadar. Hagu da dama ƙafafun gada sun tare ka, ba yadda za ka yi. Gaba da baya kuwa a buɗe yake. To Malam Nura, faɗinka na 280 ya shiga cikin 300. Sai ka kwantar da katakon tsawonsa ya bi gaba da baya, ka raba aikin gida uku, kana gama kashi ɗaya ka tura katakon gaba ka yi na biyu. Manhajojin VCarve da Aspire na kamfanin Vectric suna da wurin raba aiki haka. In Fusion 360 kake amfani da shi, da kanka za ka shata wa kowane kashi iyaka.

Batun hoton da ya ratsa murafe biyu kuma, kada ka sassaƙa a katako guda sannan ka tsaga da zarto. Zarton tebur yana cinye kusan milimita 3, kuma a daidai tsakiyar hoton zai cinye su, duk layin da ya ratsa wurin a karkace sai ya goce. Ka fara yanka murafen biyu, ka daidaita gefunan da za su haɗu su yi sumul, ka jera su kafaɗa da kafaɗa a kan allo ɗaya, ka sassaƙa su tare a matsayin abu guda.

Nura K.: Na gode Injiniya, wannan ta zarton ban kawo ta ba sam. Amma in na tura katakon gaba, ta yaya zan tabbatar ya zauna daidai inda injin ke tsammani? Ko rabin milimita ya goce ai za a gani.

Injiniya Bashir: Da fegi. Ka sami allon MDF, wato na matsattsen garin katako, ko falwud mai kauri, wanda ya fi murafen tsawo, ka kafe su a kansa, shi ne zai riƙa tafiya da su. A gefen allon nan, wajen iyakar hoton, injin da kansa zai huda ramukan fegi, tazararsu daidai da tsawon kashi ɗaya. A shimfiɗar teburin ma injin ne zai huda ramuka biyu. Kana cire fegi ka matsa gaba ka mayar, ka zauna daidai. Sharaɗin shi ne kada ka auna ramin nan da tef ka huda da hannu. Injin da zai yi yankan shi zai yi hudar, don ko da yana da ɗan kuskure a tafiyarsa, kuskuren ya zama iri ɗaya a ko'ina.

Sannan kashin da ya leƙo waje daga teburin yana da nauyi, zai riƙa rinjayar teburin ƙasa. Ka sa masa abin da zai zame a kai, ko da wani katako ne mai santsi daidai tsayin teburin. Kuma ka bar kowane kashi ya hau kan na kusa da shi da milimita ɗaya ko biyu.

Baba Ɗanjuma: Salamu alaikum yara. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma lissafin Injiniya ba abin da zan ce a kansa. Tambaya ɗaya gare ni ga Nura. Abin da ya ja hankalinka a allon nan, mene ne? Ni dai na san abin da ke jan ido a tsohuwar sassaƙa: sawun kurfi ne. Inda mai aikin ya danna da ƙarfi, inda ya sassauta, ganyen da ya fi ɗan'uwansa girma. Injin nan naku ba ya gajiya, hannunsa ba ya rawa, shi ya sa duk abin da ya fito daga ƙarƙashinsa kamanninsa ɗaya. Za ka ƙare da abu mai kyau, amma mai kallo zai gane daga nesa cewa jiya aka yi shi.

Sadiq: Baba, da girmanka, amma ai ba kowa ne ya yi shekaru yana riƙe kurfi ba. Wanda bai iya fitar da kan giwa da hannu ba fa, ya haƙura ke nan? Injin ya buɗe wa irinmu ƙofa. Kuma in sawun kurfi ake so, ana iya zana shi a cikin fayil ɗin tun a manhajar zane ta Blender, injin ya fitar da shi.

Baba Ɗanjuma: Ban ce ya haƙura ba, ɗana. Kuma sawun da aka zana a kwamfuta na gan shi. Baki mai zagayen kai ne ke fitar da shi, don haka gefen kowane sawu a dakushe yake. Kurfi kuwa yanka yake yi, yana barin fuska mai sheƙi da gefe mai kaifi. Haske ba ya sauka a kansu iri ɗaya.

Malam Habu: Bari in shigo nan, don akwai abin da ya kamata a sani game da kayan fim kafin a yi nisa. A al'adar masu shirya fim, abu irin wannan ba guda ɗaya ake yi ba. Akwai wanda aka ƙawata sosai don kyamara ta matso kusa da shi, akwai kuma kwafe-kwafen da ake jifa da su, a jiƙa su, a ja su a ƙasa. Waɗannan sau da yawa zuba su ake yi a mazubi da rezin ko roba ko soso mai tauri, a yi musu fenti su koma kamar katako. Saboda haka Malam Nura, in ka tara hotuna daga wurare daban-daban a fim ɗin, kada ka yi mamaki in ka ga ba su yi daidai da juna ba. Wataƙila ba allo ɗaya kake kallo ba. Ka zaɓi fitowa ɗaya da aka nuna shi kusa, ka ce ita ce ma'auninka.

Abu na biyu, abin da ka gani a fim haske ne da inuwa. Masu haska fitila sun san inda za su ajiye ta don sassaƙa marar zurfi ta yi kamar mai zurfi. A falonka babu wannan fitilar. Dole inuwar ta fito daga jikin katakon da kuma launin da ka sa masa. A nan nake ganin maganar Baba tana da ƙarfi.

Baba Ɗanjuma: Madalla da Malam Habu. To ga abin da nake nufi a aikace. Injinku daga sama kawai yake sauko da baki, ko ba haka ba? Ba ya iya shiga ƙarƙashin abu. Mai sassaƙa kuwa in ya fitar da ganye ko kunnen dabba, yakan kwantar da kurfi ya ɗan ci ƙarƙashin gefen. Wannan 'yar ƙwaƙular ita ke haifar da baƙar inuwa siririya da ke ɗaga ganyen daga bango. Ba ta kai ƙwayar gero zurfi ba, amma in babu ita hoton a kwance yake. Nura, bar injin ya yi maka wahalar: ya kwashe tsoka, ya ajiye kowace dabba a mazauninta, ya ba ka tudu da kwari. Daga nan ka ɗauki kurfi ƙanana guda biyu, mai lanƙwasa da mai baki kamar V, ka bi gefuna. Wannan ba ya bukatar shekaru. Siffar tana nan an riga an fitar maka, bi kawai za ka yi.

Injiniya Bashir: Ni da na zo da lissafi, lissafin ma bayan Baba yake bi. Ku duba. A yankan ƙarshe injin yana tafiya layi bayan layi, kuma baki mai kan ƙwallo yana barin ɗan tudu tsakanin kowane layi biyu, kamar kunyoyin gona. An saba sa tazarar layi kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na faɗin bakin. Da baki mai milimita 3.175, wato ɗaya bisa takwas na inci, tazarar ta kama kusan 0.3. Tsawon 400 a raba da 0.3 ya ba da layi sama da 1,300, kowanne milimita 280. Jimla kusan mita 373 ke nan. A 3018, cikin katako mai tauri, in ka samu milimita 600 a minti ka gode Allah. Awa goma da 'yan kai, ban da yankan farko na kwashe tsoka, ban da lokacin da injin ke ɓatawa wurin rage gudu a hawa da sauka.

Yanzu a ce kana son injin ya fitar da gashin zaki da jijiyar ganye da kansa. Sai ka koma siririn baki mai tsinin milimita 1, tazara 0.1. Layi 4,000, mita 1,120, sama da awa talatin. A ƙaramin moto irin 775 wannan ba ƙaramin ganganci ba ne, kuma bayan duk wannan, inuwar da Baba yake magana ba za ta samu ba.

Tsayin tudun da ke tsakanin layuka kuma yana da ƙa'ida: tazara sau tazara, a raba da takwas sau rabin faɗin bakin. A 0.3 tudun bai wuce milimita 0.007 ba a shimfiɗaɗɗen wuri. In ka ninka tazarar zuwa 0.6, tudun ya ninku sau huɗu, ya kai wajen 0.028, lokaci kuma ya ragu da rabi. Wanda zai bi da kurfi daga baya, 0.028 ba komai ba ne a wurinsa, shafa ɗaya ya tafi.

Sadiq: To na ji wannan. Amma rubutun cikin murfi da gidajen hanyar wasan fa? Nan kam ba na jin hannun sabon shiga zai kamo inji.

Baba Ɗanjuma: Nan ban yi musu ba. Rubutu da gidajen da dole su yi daidai da juna, a bar wa inji.

Nura K.: Alhamdu lillah, hanya ta fara fitowa. Saura katako. Ina da katakon fayin (pine) a hannu, na kuma ga wasu suna yi da MDF.

Anti Rabi: Ƙanena, ajiye fayin ɗin nan ka yi gwaji da shi kawai. Yana da laushi, a sassaƙa mai ƙananan siffofi gashi yake tayarwa, yana da ƙaro mai liƙe wa baki, kuma in ka sa masa launi wani wuri ya sha da yawa wani ya ƙi sha, ya fito dabbare-dabbare. MDF kuwa yana yankuwa lafiya, amma ba shi da jijiya, kurfi ba ya barin sheƙi a kansa, gefunansa masu tsini kuma marmashewa suke yi. In fenti za ka rufe shi da shi gaba ɗaya, to. In kana son a ga katako, a'a.

Ni walnat ko ceri ko mahogani zan ce. A ma'aunin taurin katako na Janka, baƙin walnat yana kan 1,010, ceri 950, mapul mai tauri 1,450. Mapul yana riƙe ƙananan siffofi fiye da kowa amma zai wahalar da ƙaramin injinka da hannunka, kuma fari ne, sai ka yi aiki sosai kafin ya yi kama da tsoho. Walnat tun asali duhu gare shi, rabin aikin launi ya ƙare. Itacen oak ka guje shi a nan, ramukan jikinsa manya ne, siraran wurare tsagewa suke yi.

Malam Habu: Kafin ka sayi katako ma, ka sake duba awonka. Ta yaya ka samo 400 da 280?

Nura K.: Daga wani hoto da aka ɗauko allon a hannu, na kwatanta da faɗin tafin hannun mai riƙe da shi.

Malam Habu: Hannu yana ba da kusan-kusan ne kawai, don ba ka san girman hannun ba, kuma abin da ya fi kusa da kyamara ya fi girma a hoto. In akwai inda aka nuna dayis a kan allon, yi amfani da shi. Dayis ɗin da aka fi sani milimita 16 ne kowane gefe. Ba tabbas ne cewa irinsa aka sa ba, amma in awon dayis da na hannu suka zo kusa da juna, hankalinka ya kwanta. Ka nemi hoton da aka ɗauka daga sama kai tsaye. In babu, manhajojin gyaran hoto GIMP da Photoshop duk suna iya miƙar da hoton da aka ɗauka a karkace, ka ja kusurwoyi huɗun kowacce ta koma digiri 90. Kuma kada ka ɗauki hoton fim ka ba manhaja ta mayar da haskensa zurfi kai tsaye. Ita a wurinta fari tudu ne, baƙi rami, don haka duk inda fitila ta haska sai ya kumbura, duk inda inuwa ta faɗa ya zama rami. Zana siffofin za ka yi a kan hoton, ka ba kowacce tsayinta da kanka.

Nura K.: Na dawo da rahoto. Na gwada kusurwa ɗaya, inda giwa take, a guntun walnat. Yankan farko da miƙaƙƙen baki mai kaifi biyu, milimita ɗaya a kowace sauka, na bar rabin milimita don yankan ƙarshe. Zurfin hoton duka milimita 6. Sannan mai kan ƙwallo a tazarar 0.5. Da ya fito daga injin, gaskiya giwar tana nan amma kamar an lulluɓe ta da mayafi. Na bi bayan kunnen da ƙasan hauren da kurfi yadda Baba ya ce, na kuma tsaga layuka uku a hancin. Da na ɗaga ta kusa da taga, kunnen ya rabu da jiki, har ka ce iska za ta kaɗa shi. Gani ya kori ji, Baba, Allah ya ƙara girma.

Matsala biyu dai. Akwai wani siririn mataki da ya bayyana a inda na canja baki, kamar yankan ƙarshe ya fi nutsewa a gefe ɗaya. Sannan da safe na tarar guntun ya ɗan kantare, gefunansa sun ɗago sama ta wajen sassaƙar.

Baba Ɗanjuma: Amin ɗana. Ka riƙa wasa kurfin akai-akai, walnat yana son kaifi. Kuma ka lura da inda jijiya ta nufa, in ka ji kurfin yana neman tsaga maimakon yanka, juyo ta ɗaya ɓangaren.

Injiniya Bashir: Matakin nan, a ina ka ɗauki sifilin tsayi, wato inda injin ke fara auna zurfi, bayan ka canja baki? In a saman katakon ne, ka tuna yankan farko ya riga ya cinye saman. Ka zaɓi wuri ɗaya da baki ba zai taɓa ba har a gama, ko kusurwar allon da ke ɗauke da aikin, ko shimfiɗar kanta, kullum a nan za ka auna. 'Yar na'urar taɓawa da ake haɗa wa GRBL ta fi takarda daidaito. Amma tunda ka ce gefe ɗaya ne ya fi nutsewa, na fi zargin shimfiɗar ba ta kwanta daidai da tafiyar injin ba. Ka sa faffaɗan baki injin ya share fuskar shimfiɗar gaba ɗaya kafin ka huda ramukan fegi. A aikin da aka raba uku wannan wajibi ne, in ba haka ba kowace mahaɗa sai ta nuna.

Ka kuma duba yadda bakin ya zauna a mariƙinsa na ER11. In bai matsu sosai ba, baki mai jan ɓarɓashi sama yakan zaro kansa a hankali yana ƙara nutsewa.

Anti Rabi: Kantarewar kuma halin katako ne. Ka kwashe milimita 6 a fuska ɗaya, ka buɗe sabuwar tsoka tana fitar da danshi, ɗaya fuskar tana rufe a kan tebur. Fuskar da ta fi bushewa ita ke tsukewa, sai gefuna su ɗago ta wajenta. A guntu abin wasa ne, amma a murfi mai tsawon 400 da dole ya haɗu da ɗan'uwansa, babbar magana ce.

Ka ajiye katakon a ɗakin da za ka yi aikin ya saba da iskar wurin, a jingine ko a kan 'yan sanduna, iska na ratsa shi ta ko'ina. In kana da na'urar auna danshi, kayan cikin ɗaki ana son su wajen kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari a inda iska ke da bushewa, ya ɗan fi haka a inda ake da laima. Wurin saye, dubi kan katakon: wanda layukan shekarunsa suka tsaya a tsaye ya fi wanda suka kwanta suka yi baka zama lafiya, domin katako yana tsukewa ta bin zagayen layukan nan kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa ta ratsa su. Sa'ar da ka yi ita ce cikin murfin ma za a rarake shi don rubutu. To ka fara da cikin, ka juya ka yi yankan farko na waje, ka sake shi ya kwana biyu ya yi duk motsin da zai yi, ka sake share shi ya kwanta, sannan yankan ƙarshe. In za ka tashi daga aiki, kada ka bar shi fuska ɗaya a rufe. Kuma duk abin da ka shafa a waje, ka shafa irinsa a ciki.

Sadiq: Anti, batun launin fa? Ni nawa kullum in na sa sai ya cushe sassaƙar, komai ya zama baƙi ɗaya.

Anti Rabi: Don kana zuba launin a kan ɗanyen katako ne. Sassaƙa cike take da wuraren da aka yanke jijiya a gicciye, su kuwa shan ruwa suke kamar me. Ka fara shafa shelak, wani irin banish ne, mai ruwa-ruwa, siriri, ya bushe. Zai ƙanƙame gashin da ya tashi, sai ka bi da buroshi mai taushi ko soson goge katako, ba sanfefa mai kaushi ba, kada ka kashe kaifin da kurfi ya bari. Daga nan ka kawo launi mai kauri, mai duhu, ka cusa shi cikin kowane lungu da buroshi, ka goge tudun da tsumma tun bai bushe ba. Duhu ya zauna a kwari, tudu ya yi haske. Abin da shekaru ke yi wa tsohon katako ke nan: datti a lungu, gogewa a inda hannu ke taɓawa.

A nan nake roƙon Nura ya yi tunani kafin ya tsufar da shi. Mutane sukan ɗauki sarƙa su yi ta dukan katako ko'ina, sai ya fito kamar an yi masa ƙyanda. Tambayi kanka ina allon nan zai ji jiki in da gaske an yi shekaru ana wasa da shi. Kusurwoyin da ke taɓa ƙasa, bakin murfi inda yatsa ke shiga ya buɗe, kewayen hinji, gidan farko na kowace hanya inda 'ya'yan wasa suka fi zama. Nan za ka goge, sauran ka bar su. A ƙarshe kakin goge katako, ba mai ƙyalli ba. Ƙyalli yana kashe inuwa.

Rubutun ciki kuma, ka shafa shelak, ka manna ledar rufi irin Oramask, injin ya yanka ta cikinta da bakin V mai digiri 60, ka sa fenti, ka ɓare. Shelak ɗin ne ke hana fentin bin jijiya ya yi yaɗo.

Dakta Umar: Ina bin muhawarar nan da sha'awa, amma ba wanda ya taɓo lafiya. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar daji tun 1995, musamman ta hanci da kogunansa. Yankan ƙarshe da ƙaramar tazara ba ɓarɓashi yake fitarwa ba, gari ne mai laushi da ke rataye a iska. Awa goma a ɗaki ɗaya da shi ba wasa ba ne. A sa injin zuƙar ƙura a bakin aikin, a sa takunkumi na gaske irin N95 ko P2. Walnat ma yana sa wa wasu ƙaiƙayi da atishawa.

Kuma don Allah kada tsawon aikin ya sa a kunna inji a tafi barci. Baki in ya dakushe ko ya maƙale yana gurzar wuri ɗaya, garin katako yana kama wuta. Tsumman da aka shafa man linsid da shi ma, in aka dunƙule shi aka jefa a kwando, yana iya yin zafi ya kama da kansa. A shanya shi a buɗe ko a nutsa shi a ruwa.

Injiniya Bashir: Gaskiya ne Dakta, kuma raba aikin uku ya taimaka a nan, kowane kashi zama ɗaya ne da mutum zai iya tsarewa. Ƙari ɗaya: tiyon zuƙar ƙura yana tara lantarkin gogayya, wani lokaci ya sa wayar USB ta yanke a tsakiyar aiki. GRBL ba ya sanin inda ya tsaya in an sake kunna shi, sai in kana da makunnan iyaka da injin ke komawa gida da su. In naka bai zo da su ba, ka sa kafin ka fara murfin gaske, ka kuma rubuta lambobin sifilinka a takarda.

Sadiq: Yaya Nura, in ka gama ka taimaka mana da fayil ɗin. Na san mutane da yawa da za su saya in an yi da yawa.

Malam Habu: Sadiq, a nan sai a yi hattara. Suna da tambari da zanen abin da ya fito a fim mallakar kamfanin da ya yi shi ne. Wanda ya yi guda ɗaya ya ajiye a ɗakinsa daban, wanda ya buɗe kasuwa da shi daban, kuma shafukan sayar da kaya sukan sauke irin waɗannan in masu haƙƙi suka yi ƙorafi. In kasuwa kake so, zana naka dajin da naka wasan, dabarun da aka faɗa a nan duk za su yi maka aiki.

Nura K.: Ni dai guda ɗaya zan yi. Fayil ɗin ramukan fegi da allon ɗaukar aiki kuwa zan saka a nan, duk mai 3018 zai amfana. Tambaya ta ƙarshe kafin in sayo walnat: gilashin tsakiya, in zuba rezin ne ko in nemi wanda aka riga aka yi? Da kuma hinji, kafin sassaƙa ake fasa mazauninsu ko bayan?

Anti Rabi: Nemi wanda aka riga aka yi, na gilashi ko akirilik, ka fentin bayansa da launin da kake so. Rezin in aka zuba shi da kauri lokaci ɗaya zafi yake yi, ya yi kumfa ko ya tsage, kuma goge shi ya yi tudu mai sheƙi aiki ne na daban. Ka sayo shi tukuna ka auna da hannunka, sannan injin ya fasa ramin daidai da shi.

Baba Ɗanjuma: Hinji kafin sassaƙa. Ka ɗaura murafen a jikin akwatin, ka tabbatar suna rufuwa bakinsu ya haɗu, ka sa musu alamar hagu da dama a ciki, sannan ka kwance su ka kai wa injin. In ka sassaƙa tukuna, ranar ɗaura hinji za ka so ka rage gefe ɗaya don murfi ya zauna, kuma duk abin da ka rage daga jikin hoton zai fita.